Jan Kafso Biyu

A gidan suna na fara jin maganar, a Challawa, muna zaune a rumfa ana raba waina. Wata mai kitso da ake kira Hadiza ce ta ɗauko ta. Wai maganin tarin tibi da gwamnati ke bayarwa kyauta a ƙaramin asibitin unguwa yana narkar da ƙoda, duk wanda ya sha sai ya yi fitsarin jini. Ta ce Inuwa na kamfanin fata haka ya yi ta zubar da jini har ya koma ga Allah. Wata ta karɓe, ta ce wanda Lawan mai kyamis ke sayarwa a bakin titi shi ne na gaskiya, kamarsu ɗaya da na asibiti amma shi na waje ne, ana fara sha fitsari yake washewa.

Na ce, "Wa ya ga jinin?"

Hadiza ta ce, "Kowa ya gani, Malama."

"Shi Kowan nan, a wane layi yake? Ina so in je in gaishe shi."

Aka yi dariya. Wata ta ce Malama Kulu dai har yau ba ta fito daga aji ba. Na bar su a kan haka. Gaskiya ne, kimiyya na koyar wa 'yan mata a sakandare har na yi ritaya, kuma halin tambaya bai bi alli ya zauna a makaranta ba. Ba na cikin masu rantsuwa da gwamnati. Maigidana a kan bencin asibiti ya yi jinyarsa ta ƙarshe saboda likitoci suna yajin aiki. Amma kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ce hajarsa ba ta da kyau ba.

Abin da ya hana ni cin wainar ba maganar Hadiza ba ce. Ma'u ce, matar Muntari, ɗan ƙanena marigayi, wanda ni na riƙe shi tun yana rarrafe. Tana gefena da jaririyarta a cinya, kuma tun da aka ambaci Lawan ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar hular da ba ta karkace ba. Muntari yana aiki a wani kamfanin jima a nan Challawa, wurin manyan gangunan da ake wanke fata. Kafin faɗuwar damina aka gano tibi a ƙirjinsa, ni da kaina na kai shi asibitin aka ɗora shi a kan magani. Ina gidana a Sharada ina ta zaton yana sha.

Ran Lahadi na hau A Daidaita Sahu na tafi gidansu. Tun daga soro na ji tarin. Na same shi a tabarma, ya jingina da bango, gwangwani a gefensa. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa, ramin ma ya yi masa yawa.

Ya ce, "Gwaggo da safe haka? Ko jarrabawa kika zo yi mana?"

"Ita na zo yi. Yaushe rabonka da asibiti?"

Ya kalli Ma'u. Ma'u ta kalli ƙasa.

"Ina shan magani, Gwaggo. Wallahi kullum ina sha."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Sai ya faɗa mini. Tun farkon damina ya daina zuwa. Ya ce ranar da ya fara shan na asibiti ya ga bawalinsa ya yi ja kamar ruwan da ke fita ta kwatar kamfani ranar da ake rina jar fata. Ya daure, ya ci gaba, jan bai tafi ba. Ana haka Inuwa ya rasu, wanda tare suke bin layi a asibitin. Shi ne ya koma wurin Lawan, kuma tun daga nan bai sake ganin ja ba.

"Kuma Gwaggo, ko da babu jan, ki duba. Su ba sa ba ka magani ka tafi da shi, sai ka haɗiya a gabansu kamar ɗan yaye. Ba sa buɗewa sai jiniyar kamfani ta gama kuka. Helimanmu, shugaban leburori, ya ce in na sake makara, in waiga in ga masu neman aiki da ke bakin get. Duk waɗanda aka rufe wa kamfani a Bompai da Sharada nan suke kwararowa da asuba. Lawan kuwa kafin a tada salla ya buɗe."

Na ce a kawo mini abin da yake sha. Ma'u ta shiga ɗaki ta fito da leda biyu. Ɗaya ta Lawan. Ɗayar ta ciro ta ne daga ƙasan kwalla, ta ce na asibiti ne, wanda ake ba su ran Juma'a saboda Asabar da Lahadi, shi ne na ƙarshe da ya karɓa bai sha ba.

Ta ce, "Ya ce in zubar a masai. Ni kuma na kasa. Ku yi haƙuri, Gwaggo, da ban gaya muku ba."

Na zazzage su a tafin hannuna. Na asibiti jan kafso ne da wasu fararen ƙwayoyi. Na Lawan jan kafso ne kawai, wai na waje komai an haɗa a ciki. Da za a cakuɗa jajayen, ba zan iya raba su ba. Muntari ya sake sarƙewa da tari, jaririyar tana kwance kusa da ƙafarsa. Na ce Ma'u ta ɗauke ta ta kai ta inuwar waje. Na ƙulle ledojin a bakin mayafina, kowace da kusurwarta.

Kafin in hau mota na biya ta kyamis ɗin. Lawan mutum ne mai fara'a, shagonsa a share, har da labulen da ake yin allura a bayansa. Ya ba ni kujera, ya sa fanka ta juyo wajena, da yake shi yana da janareta.

Na ce, "Wannan jan naka, daga ina yake zuwa?"

"Daga kasuwa, Hajiya, wurin dillalina. Na daɗe ina hulɗa da shi."

"Shi kuma daga ina?"

"To, nan kam sai dai ku tambaye shi. Daga waje dai."

"Waje ai faɗi gare shi, Lawan. Ƙofar shagon nan ma waje ce."

Ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, ni ba zan cuci mutane ba. Ƙanena Alhassan, uwa ɗaya uba ɗaya, shi yake sha. Ni na cire shi daga na asibiti da na ga abin da yake fitarwa."

Da ƙarya na gani a idonsa, da hankalina ya fi kwanciya. Na fito ina tunanin watakila su Hadiza ne da gaskiya, ni ce na kai yaron da na raina inda za a lalata masa ƙoda.

A gida na ɗauko faranti farare biyu na buɗe kafso ɗaya daga kowace leda. Duka jan gari ne. Na zuba kowane a kofin gilas da ruwa na motsa. Na asibiti ya rina ruwan, ya koma kamar manja da aka tsinka. Na Lawan ya yi ɗan jirwaye, sannan ya kwanta a ƙasa. Na daɗe ina kallonsu. Sun nuna mini ba abu ɗaya ba ne, amma ba su gaya mini wanne ke kashe mutum ba. Kofi ba shi da ƙoda.

Ni ke da ita. Tsohuwa ce, ga hawan jini, amma ita ce a hannuna.

Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a ce. Na fara da na Lawan, bayan sallar asuba, cikina babu komai, yadda ake sha. Na wanke farin fo na ajiye a banɗaki. Na wuni ina leƙawa. Babu abin da ya canja, ko ɗaci ban ji a maƙogwaro ba. Na bari jikina ya huta kwana biyu. Duk wannan lokacin ina lissafe da cewa Muntari yana can yana tari a ɗaki ɗaya da jaririya, ni kuma ina nan ina wasa da kofuna.

Ranar na asibiti, kafin in sha, na ɗebi bawalina na safe a wata ƙaramar kwalba na toshe. Sannan na zauna a bakin gado da kafson a hannu. Na ɗaga shi na sauke ya fi a ƙirga. Na tuna yadda Hadiza ta kwatanta Inuwa. Na tuna cewa in na faɗi a ɗakin nan, sai maƙwabta sun ga ban fito sharar ƙofa ba za su leƙo. Na yi bisimilla na haɗiye.

Kafin azahar na gani. Ja, a cikin farin fo, ja sosai.

Duk karatun da na yi ya gudu ya bar ni. Na dafa bango. Na ji kamar bayana yana ciwo, daidai inda ƙoda take, ko da yake har yau ban sani ba ko ciwon gaske ne. A nan na gane abin da Muntari ya gani, shi kaɗai a banɗakin kamfani, babu wanda zai tambaya. Na koma ɗaki na zauna, hawaye suna zuba ba da izinina ba. Na sa farin hankici na goge. Da na duba hankicin sai na ga ya yi ruwan goro.

Na ce a raina, to, in jini ne, ta ido ma fita yake? Na tashi na ɗebi jan a kwalba ta biyu. Ta farkon kuma, mai fari-farin, na soki ɗan yatsana da allurar ɗinki na ɗiga mata jini kaɗan, na girgiza har ya ɓace. In zan kai wa mai gwaji, sai na gwada shi shi ma.

Akwai wani ɗakin gwaje-gwaje na kuɗi a saman bene a kan titin Sharada. Na hau da ƙyar. Babu wuta, sai da muka jira aka sayo man janareta. Na zauna a benci da jakata a cinya ina jin ƙarar tireloli, ina matsa bayana da hannu in ji ko ciwon ya ƙaru. Da mai gwajin ya fito, ya ɗaga jar kwalbar ya ce, "Hajiya, mai wannan tana shan maganin tibi ne?"

"Tana sha."

"To babu jini ko ɗigo. Launin maganin ne, haka yake yi wa kowa." Ya ɗaga ɗayar, ya rage murya. "Amma mai wannan, ita ya kamata ta ga likita. Akwai jini a ciki."

Na nuna masa yatsana. Ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, "Da can 'yar sanda ce ku, Hajiya?"

"Malamar makaranta."

"Ai gara 'yar sanda."

Na tambaye shi, in mutum yana shan jan kafson nan kullum amma bai ga launi ba fa? Ya ce to ba shi yake sha ba.

Washegari tun kafin rana ta fito ina ƙofar gidan Muntari. Na tarar ya sa takalmin robarsa na aiki. Na miƙa masa hankicin, na gaya masa duk abin da na yi.

Ya ce, "Kin sha? Gwaggo, da wani abu ya same ki fa, me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu tsohuwa ce mai taurin kai. Cire takalmin nan."

"Yau ana loda fata. In ban je ba, shi ke nan."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, Gwaggo. Ba ki taɓa tsayawa a bakin get ba."

Gaskiyarsa ce. Muna tsaye a haka jiniyar ta fara kuka daga can wajen kamfanoni. Ya juya yana kallon inda ƙarar take fitowa. Sai jaririyar ta yi wani ɗan tari a bayan uwarta, irin wanda kowane jariri yake yi, ba komai ba. Dukanmu muka waiga. Ya zauna a dakali ya zare takalmin.

Mun isa asibitin, har da Ma'u da yarinyar, ƙofa a kulle. Mutane suna zaune a gindin bango, kowa ya rufe baki da abin da ya samu. Rana ta ɗaga sosai kafin Sista Halima ta sauko daga acaɓa, ita ce mai kula da masu tarin. Tana ganin Muntari ta gane shi.

"A'a, ɗan gudun hijira ya dawo. Ina ka shiga? Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

Na ce, "Sista, kafin ki yi masa faɗa. Ranar da kuka ba shi maganin, kun gaya masa zai ga ja?"

"Muna gaya wa kowa, Mama."

Muntari ya ce, "Ni ba a gaya mini ba."

Ta yi ɗan tunani. Ta ce a makon da ya fara an tura ta taron bita, wani ma'aikaci da aka aro ne ya raba magani. Sannan ta nuna bango. "Amma ga shi can a rubuce."

Na je na duba. Babbar takarda ce mai hoton huhu, an lissafa komai, har da jan fitsarin. Da Turanci.

Na ce, "A cikin waɗanda ke zaune a waje, su nawa ne za su karanta wannan?"

Ta ce, "Mama, yadda aka aiko mana ke nan. Ni kaɗai ce a nan. Ni ce mai allura, ni ce mai rabo, ni ce mai bin waɗanda suka gudu. Daga Na'ibawa nake zuwa."

Na tambaye ta Inuwa. Ta ce Inuwa sai da aka ɗauko shi a baro aka kawo shi, huhunsa ya riga ya ƙare kafin ya haɗiyi ƙwaya ɗaya.

Na roƙe ta ta riƙa ba ni maganin, ni in tare a gidansu in ba shi da asuba a gabana, ya samu ya kama get. Ta ce da bai gudu ba da an duba. Yanzu sai an sake gwada kakinsa, kuma in ya nuna ciwon ya ƙaru, da allura za a haɗa masa, kullum, a nan, na tsawon lokaci.

"Da ƙarfe nawa?"

"In na iso."

Ta ba shi ɗan gwangwanin roba ya je bayan gini ya yi kaki. Ta dubi Ma'u, ta tambaye ta ko tana gumi in ta kwanta. Ma'u ta ce zafi ne kawai. Sista ta miƙa mata nata gwangwanin. Ta ce za a kai babban asibiti a cikin gari, mu dawo mako mai zuwa.

A hanyar komawa na sa suka wuce, na tsaya wurin Lawan. Na gaya masa a hankali, don akwai mai sayen maganin ciwon kai a tsaye. Da mutumin ya tafi, Lawan ya ɗauko kwali daga kanta, ya ɓare kafso a kan gilas, ya murza garin da yatsa. Ya ɗanɗana. Na ji ƙasa tana ƙara a haƙorinsa. Ya ɓare wani daga wani kwalin, ya sake ɗanɗanawa.

Ya ce, "Alhassan ya ce mini yana jin sauƙi."

Ya kashe janareta, ya jawo ƙofar shagon da rana tsaka, ya tsayar da ɗan acaɓa. Ko sallama bai yi mini ba.

Makon nan na yi shi ne a Challawa. Na raba musu ɗaki, Muntari a soro, Ma'u da yarinyar a ciki, taga a buɗe ko ana ruwa. Ya je get sau ɗaya, ya dawo ya ce helima ya ba wani ɗan Jigawa gurbinsa. Kullum in jiniya ta yi kuka sai ya tashi zaune, sannan ya koma ya kwanta. Ni kuma kunnena yana kan ɗakin ciki. Duk motsin da Ma'u ta yi, duk gyaran muryarta, sai in ajiye abin da nake yi. Muka koma ranar da aka ce, aka ce sakamako bai zo ba, motar da ke kaiwa ta lalace. Muka sake komawa. A zuwa na uku Sista Halima ta sa muka shiga ciki, ta rufe ƙofa, ta gaya mana.

Da yamma ina zaune a tsakar gidan ina tsince shinkafa, sai ga Hadiza mai kitso ta yi sallama, da mata biyu a bayanta. Suka zauna, aka gaisa, aka yi ya mai jiki.

Ta ce, "Malama, labari ya cika gari wai da bakinku kuka sha. To me kuka gano?"

Na ajiye faifan.

Na ce, "Jan ba jini ba ne, launin maganin ne. Kafson Lawan babu magani a ciki, jar ƙasa ce, kuma shi ma bai sani ba. Ita Muntari ya yi damina yana haɗiya. Ciwonsa ya ƙaru, gobe zai fara allura. Ma'u ta kamu. Yarinyar za a kai ta hoton ƙirji ran Litinin."